Fuskar Yarinya, Muryar Wata: Maryam Booth da Ɓangaren Fim Ɗin Hausa da Aka Ƙi Saurara

A watan Nuwamba na shekarar 2019, hukumar da ke ba da kyautar Oska a Amurka ta cire fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji daga gasar fina-finan ƙasashen waje, bisa hujjar cewa Turanci ya yi masa yawa. Da shekara ta zagayo, fim ɗin da Nijeriya ta aika shi ne The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda mafi yawan maganar cikinsa da Hausa aka yi ta, tare da Fulatanci da ɗan Larabci. Ke nan abin da kunne ke ji ne ya buɗe masa ƙofar da aka rufe wa na gabansa. Ɗaya daga cikin muryoyin da suka ɗauki nauyin wannan fim ita ce ta Maryam Booth, wadda ta fito a matsayin Zainab, kuma a ƙarshen shekarar 2020 ta karɓi kyautar AMAA ta gwarzuwar mataimakiyar jaruma a Afirka. Wannan maƙala tana ganin cewa tarihin wannan 'yar wasa, daga ƙuruciya zuwa wannan matsayi, yana tona wani giɓi a nazarin fim ɗin Hausa: an daɗe ana kallonsa, amma sauraronsa bai samu rabonsa ba.

An haifi Maryam Booth a Kano a shekarar 1993. Mahaifiyarta, marigayiya Zainab Booth, wadda ta rasu a 2021, tana cikin matan da suka daɗe suna fitowa a matsayin iyaye a fina-finan Hausa, kuma ta hanyarta 'yar ta shiga sana'ar tana da kimanin shekara takwas. Idan aka yi lissafi, wannan ya faɗa wajen shekarar 2001, shekarar da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta fara aiki, kuma shekara biyu kacal bayan Sangaya ya sauya fasalin kasuwar baki ɗaya. Fim ɗin da ya fito da ita sosai, Dijangala, ta yi shi ne tana cikin shekarunta na goma sha, har sunan ya bi ta ya zama laƙabi. Saboda haka masana'antar da ta raine ta masana'anta ce da waƙa ke sayar da hajarta. A wancan zamani 'yan kasuwar kaset kan auna fim da waƙoƙinsa tun kafin su san labarinsa, kuma tallar fim sau da yawa gutsuren waƙa ce da rawa.

Yadda ake samar da waɗannan waƙoƙi ba ɓoyayyen abu ba ne. Ana rubuta waƙar, a rera ta a sutudiyo a kan kiɗan fiyano, galibi ƙirar Yamaha, tun kafin a fita ɗaukar hoto. A wurin ɗauka sai a kunna ta, jarumi da jaruma su riƙa motsa leɓe daidai da baitocin. Masu rerawar mutane ne daban, irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim, daga baya kuma Fati Nijar da Maryam A. Baba. Kalmar da 'yan fim suka zaɓa wa wannan aiki ta cancanci mai nazarin harshe ya tsaya a kanta: cewa suke yi jaruma ta "hau" waƙa. Hawa ake yi wa doki, kuma mahayi yana iya zama ba shi ne mai dokin ba. Ranar hawan salla mahayin ake yi wa guɗa, ba a tambayar wanda ya yi kiwo. Da wannan aikatau guda masana'antar ta bayyana tsarinta fiye da yadda dogon sharhi zai yi.

Ga babban ɗan wasa wannan rabon aiki ne kawai. Ga yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ko sha biyar kuwa, lamarin ya fi haka nauyi. Sashen fim ɗin da ya fi zama a zukatan masu kallo, wanda ake maimaitawa a gidan biki da shagon ɗinki, shi ne sashen da ita ba ta furta komai a cikinsa ba. Muryar babbar mace ce ke fitowa daga bakinta, tana faɗin kalaman soyayya da wani namiji ya rubuta. Idan waƙar ta karɓu, fuskar ake yabo, mai muryar tana gefe. Idan kuma malamai ko hukuma suka taso wa waƙa da rawa, kamar yadda aka gani ƙarara daga 2007 lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ya riƙe hukumar tacewa, fuskar ce dai ke shan suka a unguwa da kan mumbari. An tauye mutum biyu a lokaci guda: an hana mawaƙiya suna, an ɗora wa yarinya alhakin maganar da ba tata ba.

Abin mamaki shi ne wannan rabuwa baƙuwa ce a fasahar wasan Bahaushe. A tatsuniya, murya ce ke gina ɗan wasa. Gizo ba shi da sutura ko fuska a gaban yara masu sauraro; tsamin bakinsa ne ke sanar da zuwansa, kuma mai ba da tatsuniyar da ba ta iya sauya murya tsakanin Gizo da Ƙoƙi da Kura ba, yara kan yi barci su bar ta. A tashe ma haka abin yake. Daga goma ga watan azumi yaran garuruwa irin su Karaye da Rogo, kamar takwarorinsu na ko'ina a ƙasar Hausa, kan shiga gida-gida da wasanni irin su Macukule da Jatau Mai Magani da Mairama da Daudu. Yaron da ya manna audugar gemu ya fito a tsoho, da maƙogwaronsa yake tsufa, yana karkarwar murya yana jan numfashi, kuma da wannan ake gane gwani. Wannan ita ce makarantar farko ta ɗan wasa yaro a ƙasar Hausa, kuma darasinta na farko murya ne. Da wasan kwaikwayo ya shiga rediyo da talabijin, gadon bai yanke ba. Marigayi Usman Baba Pategi ya gina Samanja a kan Hausar bariki, mutane da yawa sun san Samanja da kunne shekaru kafin su ga kakinsa. Marigayi Ƙasimu Yero kuwa, ko da baya aka juya wa akwatin, ana gane shi daga jimlar farko.

Daga Indiya aka aro tsarin hawa waƙa, kuma wannan aro an yi rubutu a kansa mai yawa, tun daga maƙalar Brian Larkin ta 1997 a kan fina-finan Indiya da masoyan Nijeriya, zuwa ayyukan Abdalla Uba Adamu, da kundin taron da aka yi a Kano a 2003 kan fina-finan bidiyo na Hausa. Sai dai abin da aka fi bibiya shi ne aron jigo da salon rawa da sutura, da kuma tambayar ko hakan ya dace da tarbiyya. Akwai wani ɓangare na tarihin Indiya da ya fi dacewa da batun nan, wanda ba a cika kawowa ba. Lokacin da aka fitar da faifan fitacciyar waƙar fim ɗin Mahal a 1949, sunan da aka buga a kai shi ne Kamini, wato sunan da jarumar ke amsawa a cikin labarin, ba na Lata Mangeshkar da ta rera ba. Sai da mawaƙan suka yi tsayin daka kafin sunansu ya samu gurbi da kyauta tasa ta kansa. Kannywood ta ɗauko tsarin, ba ta ɗauko gwagwarmayar da ta gyara shi ba.

Misali na biyu daga can ya fi kusa. Baby Naaz yarinya ce da ta yi fice a fim ɗin Boot Polish na 1954, har aka yaba mata a bikin Kan na ƙasar Faransa. Da ta girma, manyan matsayi ba su zo mata yadda aka zata ba, sai ta koma aikin ɗora murya. Ita ce ta riƙa yi wa Sridevi magana a fina-finanta na farko na harshen Hindi, domin Sridevi, wadda ita ma tun tana ƙarama ta fara fim a kudancin Indiya, ba ta ƙware a harshen ba tukuna. Sai a Chandni na 1989 aka san Sridevi da muryar kanta a Hindi. Tsofaffin 'yan wasa yara biyu ke nan, ɗaya ta rayu da murya babu fuska, ɗaya da fuska babu murya, kuma masu kallo a sinimomin Kano irin su Plaza da Marhaba sun kalli haɗin nan suna ɗauka mutum guda ne.

Za a iya cewa, kuma da gaskiya, babu laifi a rabon aiki. Ba kowane ɗan wasa ne mawaƙi ba, kuma tilasta wa yarinya ta rera abin da ba ta iya ba zai ɓata fim ne kawai. Wasu ma za su ƙara da cewa tsarin ya yi wa mawaƙa mata rana, domin a al'ummar da ake muhawara kan fitar muryar mace, sutudiyo ya zame musu labule: suna samun abin hannu ba tare da an nuna su a titi ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma duk wanda ya san yadda aure ke ɗauke 'yan wasa mata daga fim a tsakiyar tashensu, kamar yadda ya faru da Fati Muhammad ba da daɗewa ba bayan Sangaya, zai gane darajar sana'ar da ba ta dogara da fuska. Amma hujjar ba ta amsa tambayar da ake yi ba. Ba a ce a daina hawa waƙa ba. Abin da ake cewa shi ne masana'antar da ta mayar da waƙa ma'aunin jaruma ta bar ɗan wasa yaro ba tare da horon abin da zai riƙe shi idan ƙuruciya ta wuce ba. Fuskar yarinta tana da wa'adi. Ga yara maza wa'adin ya fi gajarta, domin ranar da murya ta fashe, ranar matsayin ɗan gidan Alhaji ke ƙarewa, matsayin saurayi kuma bai zo ba.

A nan ne The Milkmaid ke da muhimmanci. Fim ne da aka ɗauka a jihar Taraba, a kan 'yan'uwa mata biyu masu tallar nono, Aisha da Zainab, waɗanda 'yan tayar da ƙayar baya suka afka wa ƙauyensu. Anthonieta Kalunta ce ta fito a Aisha, mai neman 'yar'uwarta. Maryam Booth kuma ta fito a Zainab, wadda zaman daji ya sauya har ta rungumi aƙidar waɗanda suka kama ta. Babu filin rawa da za a fake a cikinsa, babu wata mawaƙiya da za ta ɗauke mata nauyi. Sauyin Zainab daga budurwa zuwa mace mai ba da umarni dole ya fito ta hanyar yadda take magana da yadda take yin shiru. Alƙalan da suka ba ta kyauta sun dogara ne galibi da fassarar da ke ƙasan hoto, amma Bahaushe mai sauraro yana da abin da ba su da shi: yana jin inda aka ja wasali, inda aka danne karin sauti, inda aka ƙi amsa gaisuwa yadda ta kamata. Hukunci a kan wannan wasa haƙƙin manazartan Hausa ne kafin kowa, kuma abin takaici ne a ce yabon ya zo daga waje su kuma su tsaya ga nazarin jigo.

Ba wai ana cewa fim guda ya wanke shekaru ashirin ba, ko kuma sai ɗan wasan Hausa ya fita daga Kannywood kafin a ji muryarsa. Hasali ma, sauyin da ya fi tasiri a cikin gida ya faru. Da kasuwar faifai ta durƙushe, fina-finai masu dogon zango suka karɓi fage, daga Daɗin Kowa na tashar Arewa24 zuwa Labarina na Aminu Saira da Izzar So a YouTube. A irin waɗannan, zance ne ke jan labari mako bayan mako, waƙa ta koma gefe ko ta zama kiɗan bango. 'Yan wasan da suka iya magana su ne suka tsira. Wannan sauyi ya mayar da fim ɗin Hausa kusa da wasan rediyo fiye da yadda yake a 2001, amma kayan aikin da ake nazarinsa da su har yanzu na wancan zamani ne.

Akwai kuma fagen da murya ke cin gashin kanta gaba ɗaya, wato fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa, wadda kamfanoni irin su Algaita na Kano suka yi fice a kanta. 'Yan Kannywood sun daɗe suna kukan cewa wannan haja ta cinye musu kasuwa, kuma manazarta sun fi kallonta ta fuskar ingancin fassara ko satar fasaha. Duk da haka, a nan an samu rukunin ma'aikata a Kano waɗanda jarinsu kaf murya ce ta magana, ba ta waƙa ba. Su ne suka ƙirƙiro salon zance da yara ke kwaikwayo a makarantun firamare. Idan Baby Naaz ta samu sana'a ta biyu a bayan makirfo, babu dalilin da zai hana yaran da suka taso a gaban kyamarar Kannywood samun irinta, in da an ɗauki aikin a matsayin sana'a mai suna da lada sananne.

Batun lada ya kai ga abin da ya fi kowanne tsauri. Maryam Booth ta shiga fim a ƙarƙashin idon mahaifiyarta, kamar yadda Ahmad Ali Nuhu ya shiga a ƙarƙashin idon mahaifinsa. Waɗannan su ne masu sa'a, kuma ba mamaki su ne sunayen da aka riƙe. Masana'antar ta ginu ne a kan dangantakar ubangida da yaro fiye da rubutacciyar yarjejeniya, kuma yaron da ba shi da kowa a ciki, ihsani ake yi masa, ba biya ba. A Amurka sai da Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a The Kid a 1921, ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye dukiyarsa, sannan jihar Kalifoniya ta yi dokar da ke ɗauke da sunansa a 1939. Nijeriya tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, jihar Kano kuma ta sanya hannu a kan tata a 2023. Hukumar tace fina-finai da ƙungiyar MOPPAN sun nuna suna da ikon dakatar da jarumi saboda rawa ko sutura. Hukumar da ke da wannan iko tana iya tsayar da ƙa'ida a kan sa'o'in aikin yaro, da karatunsa, da wanda ke karɓar kuɗinsa, da irin baitin da za a sa a bakinsa. Tarbiyyar da ake kare mai kallo da ita, yaron da ke cikin hoton ya fi kowa buƙatarta.

Me ya kawo Karaye da Rogo cikin wannan magana, alhali ba can ake shirya fim ba? Dalilin shi ne can ake jin sa. Nazarin Kannywood ya taru a cikin birni, tsakanin titin gidan Zu da harabar jami'a, inda ake hira da furodusa da darakta. Amma mafi yawan masu cin wannan haja suna garuruwa irin waɗannan, inda fim ke isa ta wayar hannu, a tura wa mutum a shago ko aboki ya tura masa. Ƙaramin allo ne, sau da yawa mutum uku ko huɗu ke leƙe, wani lokaci ma wayar tana aljihu ko a kan turmi, ana aiki ana saurare. Mai kamun kifi a madatsar ruwan Challawa da ke Karaye, ko matar da ke surfe a Rogo, kunnensu ya fi idonsu samun rabo daga fim. Bugu da ƙari, Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, wato wuri ne da kunne ya saba da Kananci da Katsinanci da Zazzaganci a kasuwa guda. Babu inda ya fi dacewa a tambayi wace Hausa ce matasa ke ɗauka a matsayin Hausar jarumi, wace ce kuma aka ware wa bawan gida da mai ban dariya. Sanannen abu ne cewa fina-finan Hausa kan ba wa ɗan ƙauye da wawa karin harshen da ba na birnin Kano ba. Abin da hakan ke yi wa yaron da a gidansu haka ake magana, tambaya ce ta ilimin walwalar harshe da ke jiran mai ɗauka.

Gwajin da za a yi bai buƙatar kuɗi mai yawa. Ɗalibin digiri na biyu zai iya yanko zance daga fina-finan 'yar wasa guda a matakai uku na rayuwarta, na yarinta da na Dijangala da na The Milkmaid, ya cire hoton, ya kunna wa masu sauraro a Karaye da Rogo, ya ji ko za su gane ta, da abin da suka gane ta da shi. Ya kuma kunna musu waƙoƙin da ta hau, ya tambaye su muryar wa suke ji. Amsar za ta faɗi abu mai yawa game da inda sunan jaruma yake zaune a ƙwaƙwalwar jama'a. Masanin tsarin sauti kuma zai samu abin da ba kasafai ake samu ba a harsunan Afirka: muryar mutum ɗaya a naɗe, daga shekara takwas zuwa sama da talatin, tana magana da Hausa a yanayi daban-daban.

Matsalar ita ce matakin farko na wannan taska yana kan kaset ɗin bidiyo da faifan CD, kuma zafi da ƙura ba su raga wa ko ɗaya. Kamfanonin da suka shirya fina-finan farkon shekarun 2000 da yawa sun rufe. Abin da ya tsira zuwa YouTube sau da yawa an datse farkonsa da ƙarshensa, wato daidai wurin da ake jera sunayen ma'aikata, inda mai bincike zai ga wanda ya rera waƙa da sunan yarinyar da ta fito a 'yar gida. Tsofaffin kofen mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999, za su cike wani sashe na giɓin. Sauran yana hannun tsofaffin masu shagon haya da 'yan kasuwar kaset, a cikin kwalaye, kuma sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina su ne suka fi kusa da waɗannan kwalaye.